Mun Raina Ƙwallon Lambu, Shi Kuwa Ya Tona Mana Asiri

A wani taron ƙara wa juna sani na malamai, wanda muke kira CAPED, na yi abin da ya sa aka yi mini dariya har da tafa hannu. An zo kan maganar darasin motsa jiki, wato EPS, sai na ciro salulata na nuna wa abokan aiki wani ɗan bidiyo na minti biyu. Wani mai koyar da wasan golf ne, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, yana bayanin hanyar da kan sanda yake bi tun daga ɗagawa har saukarsa a kan ƙwallo. Ban kai ƙarshe ba wani dattijo a cikinmu, mutumin da nake ganin girmansa, ya ce: "Mushe, mu da yaranmu ke zaune a ƙasa cikin rumfar zana, kai wasan gwamnoni ka kawo mana?" Aka fashe da dariya. Ni ma na dara, don maganar ta yi daɗi.

Amma na kwana ina juya ta. A kan rumfar zana dattijon ya yi gaskiya. A kan sauran kuwa, da shi da masu dariya da ni kaina duk mun daɗe cikin kuskure, kuma ƴaƴan mutane ne ke biyan kuɗin kuskuren. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda zai ji haushi ya ji, amma ya daure ya karanta har ƙarshe.

Bari in share fage. Ban taɓa riƙe sandar golf ba. Ban ce a yi filinsa a Magarya ko Dungas ba, kuma duk wanda ya zo da wannan shawara ni ne zan fara yi masa ihu, don fili mai ramuka 18 yana cin eka 50 ko fiye, a yankin da ƴan'uwa ke kai juna gaban alƙali a kan gonar da ba ta cika eka ɗaya ba. Wasan yana can inda yake. Kano da Zariya suna da filaye tun zamanin Turawa, a wajen Yamai ma akwai na Rio Bravo wanda ƙasa ce da yashi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutanen can sun ɗauki motsi guda na jiki, wanda bai cika daƙiƙa biyu ba, suka zauna suna nazarinsa shekara da shekaru. Sun auna shi, sun sa wa kowane sashensa suna, sun rubuta littattafai a kansa. Mu kuwa irin wannan motsi yana hannun kowane yaro da ke shigowa ajinmu da safe, kuma ba mu taɓa tsayawa mun dube shi ba.

Mene ne faifan bugu?

Ɗauki faifai, irin wanda ake rufe ƙwarya da shi. Kafa bakinsa a ƙasa, ka jingina shi ya karkata, kada ya miƙe tsaye, kada kuma ya kwanta. Yanzu ka ƙaddara faifan ya yi girma har mutum ya tsaya a tsakiyarsa, ƙwallo yana daidai inda bakin faifan ya taɓa ƙasa. Idan mutumin ya ɗaga sanda ya yi lilo da ita, kan sandar yana zagayawa ne a kan bakin wannan faifai. Wannan shi ne abin da masu koyar da golf ke ta magana a kansa. Ni na sa masa suna faifan bugu, kuma har yau ban samu ɗalibin da ya kasa gane shi ba.

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan tunani shi ne Ben Hogan, ɗan wasan Amurka. A shekarar 1949 ya yi haɗarin mota da ya kusa kashe shi, ya warke ya ci gasar US Open a 1950. A littafinsa na 1957 ya kwatanta abin da faffaɗan gilashi, wanda ya taso daga ƙwallo ya jingina a kan kafaɗun mai bugu, kansa ya leƙo ta wani rami a tsakiya. Idan hannuwa suka ɗaga sama da gilashin, sun fasa shi, bugun kuma ya lalace.

Karkatar faifan tana bin tsawon sanda. Ɗan wasa yana da izinin ɗaukar sanduna 14. Mafi tsawo takan kai kusan santimita 114, gajerun kuwa kusan 90. Da doguwar sanda dole mutum ya ja baya daga ƙwallo, sai faifan ya kwanta, kusurwarsa da ƙasa ta zama kusan digiri 45 zuwa 50. Da gajeriya yakan matso kusa, faifan ya miƙe zuwa wajen digiri 60.

Me ya sa ake wahala a kan wannan? Saboda kan sandar ƙwararre yana isowa da gudun kusan kilomita 180 a awa, kuma haɗuwarsa da ƙwallo ba ta cika kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Babu ido ko hannun da zai yi gyara a wannan lokaci. Duk abin da za a gyara, tun a hanya ake gyara shi. Idan na-dama ya sauko da sanda ta saman faifan, daga waje tana yankowa ciki, fuskarta kuma a buɗe, sai ƙwallo ya tashi ya lanƙwashe dama kamar lauje. Mai koyo yana ganin ƙarfi ne bai sa ba, sai ya ƙara ƙarfi, ƙwallon ya ƙara lanƙwashewa. Malamin kirki shi ne zai tsaya a bayansa ya ce masa hanyar ce ta karkace.

Daga baya, da aka samu kyamarori masu ɗaukar motsi dalla-dalla, an gano cewa ba kowane gwani ke bin faifai guda tun daga farko har ƙarshe ba. Jim Furyk, wanda ya ci US Open a 2003, yana ɗaga sandarsa ta wata murɗaɗɗiyar hanya da ake yi wa dariya, amma idan ta kusa ƙwallo sai ta dawo kan faifanta daidai. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ke hannun yaranmu

Yanzu mu bar Amurka mu dawo gida.

Lokacin da gero ya fara nuna, yaro ɗan shekara 10 yana gona da majajjawa yana korar tsuntsaye. Ku dube shi da kyau. Idan ya juya ta a saman kansa, faifansa a kwance yake: in ya saki da wuri ko a makare, dutsen zai kauce hagu ko dama. Idan ya juya ta a gefensa, faifan a tsaye yake: kuskuren saki zai kai dutsen sama ko ya buga shi da ƙasa. Kuma duk inda ya saki, dutsen ba ya ci gaba da zagaye, yana miƙewa ne a kan layin da ya shafi bakin da'irar a daidai wurin sakin. Wannan layi shi ne *tangente* da muke rubutawa a allo a kwaleji, yara suna kallonmu kamar muna yaren aljanu. Faifan ɗan golf yana tsakanin na kwance da na tsaye, shi ya sa kuskurensa ke haɗa duka biyun.

Ku dubi mai saran itace. Idan bakin gatari yana kwance a kan faifan da hannu ke bi, yana shiga itace ya zauna. Idan ya ɗan juya, sai ya goce. Kowane ƙauye tsakanin Bande da Dogo-Dogo yana da mutumin da ke ɗauke da tabon wannan gocewa a ƙwauri. Abin da ke lanƙwasa ƙwallon attajiri shi ne ke sare ƙafar talaka.

Ku dubi mai sungumi ranar shuka, yana tafe yana sara, ramuka suna bin juna a jere kamar an ja igiya. Ku dubi masassaƙi da gizago. Ku dubi mata uku suna lugude a turmi guda, taɓarya ba ta taɓa ƴar'uwarta. Ku dubi yaran kiwo suna dukan ƙwallon goruba da sanda mai lanƙwasa, wasan da ni ma na yi shi har yatsan ƙafata ya fashe. Ko kalmar ƙwallo da muke faɗa, asalinta ƙwallon ɗan itace ne.

Ga kuma lissafin CM2 a ciki. Da'ira mai nisan mita 1 daga tsakiya zuwa baki, zagayenta mita 6.28 ne. Mai nisan mita 2, mita 12.56. Idan aka zagaye su a lokaci ɗaya, bakin babbar ya ninka na ƙaramar gudu. Shi ya sa doguwar majajjawa ta fi kai dutse nesa, shi ya sa gatari mai doguwar ƙota ya fi shiga, shi ya sa kuma ya fi wuyar saitawa. Ga na ajin BEPC: a ce kafaɗar mai bugu tana mita 1.40 daga ƙasa, ƙwallo yana mita 1.40 a gabansa, kusurwar faifan digiri 45 ce. Idan ya matso ƙwallon ya koma santimita 81, ta zama kusan 60. Darasin kusurwa ke nan sukutum, da sanda da igiya da yashi.

Yaron da na kasa

Shekaru da suka wuce ina da wani ɗalibi a CM2, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Duk ƙauyen an san shi da majajjawa. Yakan ce ga reshen da zai buga, ya buga shi. A aji kuwa, da na zana da'ira a allo sai ya sunkuyar da kai. Na rubuta masa sifiri ba sau ɗaya ba. Na kira shi daƙiƙi a gaban ƴan'uwansa, Allah ya yafe mini. Mahaifinsa ya zo wata rana ya ce: "Malam, tunda kan ba ya ja, a ba ni shi ya taya ni aiki." Ban yi gardama ba, don ni ma na yarda kan ba ya ja. Ya tsallaka iyaka ci-rani tun bai yi gemu ba.

Sai bayan shekaru, ranar da na fara ganin bayanin faifan bugu, na gane abin da na aikata. Yaron nan ya san da'ira fiye da ni. Ya san inda ake saki, ya san abin da tsawon igiya ke yi, ya san bambancin faifan tsaye da na kwance. A hannunsa ilimin yake. Aikina kawai shi ne in ɗauko shi daga hannun in kai shi kan allo, in ce masa abin nan da kake yi ga sunansa, ga lissafinsa. Ban yi ba, domin ban taɓa tunanin akwai hanya tsakanin fili da aji ba. Yara nawa irinsa muka sallama?

Laifinmu, mu malamai

Mu faɗa wa juna gaskiya. A jadawalin da ke manne a bangon aji akwai EPS. A zahiri me ake yi da lokacin? A wata makaranta shara ce. A wata ɗibar ruwa ne ko itace. A wata kuma mushe ya ce lissafi ya yi baya, a zauna a rama. Inda aka yi ƙoƙari, a jefa wa yara maza 60 ƙwallo guda, su bi ta a guje kamar kaji sun ga tsaba, ƴan mata su zauna a inuwa, malam yana gindin dogon yaro da butar shayi. Ni ma na yi, don haka ba daga kan tudu nake magana ba.

Wannan ba darasi ba ne. Darasi shi ne yaro ya shigo bai iya abu ba, ya fita ya ɗan iya. Wa ya taɓa tsayawa a bayan yaro yana jifa, ya ce masa gwiwar hannunka ta faɗi, ɗaga ta? Wa ya taɓa nuna wa yarinya yadda ake ɗaga bokitin ruwa da ƙafafu a bar ƙugu ya huta? Sai an kusa BEPC a tuna akwai jarrabawar motsa jiki, a kwashi yara a sa su gudu da tsalle da jifa cikin sati biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kuma muka tashi koyarwa, sai mu faɗa ɗaya ramin: kowa ya yi yadda mushe ya yi, wanda ya saɓa ya sha bulala. Bahago a tilasta shi ya yi jifa da dama. A nan ne labarin Furyk ke da amfani. Da malaminsa ya dage sai ya ɗaga sanda kamar kowa, da wataƙila ba mu san sunansa ba. Malamin da ya fahimci faifai ya san abin da dole ne a gyara da abin da za a bar wa yaro. Wanda bai fahimta ba, sifar waje kawai yake bi, ya hana abin da ba laifi, ya bar laifin yana nan.

Masu duba aikinmu ma suna da nasu kaso. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, an zauna a ajina an duba yadda nake koyar da karatu da lissafi sau da yawa. Ban tuna ranar da aka ce mini fita da yara fili mu gani ba. Abin da ba a dubawa, malami ya san ba a damu da shi ba.

Gare ku, iyaye

Na san abin da kuke faɗa, don a gabana kuke faɗarsa: "Mun kawo yaro karatu, ba wasa ba." Wannan ƙorafi ya girme mu duka. A shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu na Sikotilan ta hana golf da ƙwallon ƙafa, wai samari sun bar koyon harbin baka. Sarkin ya wuce, wasan yana nan. Kuma wasan da muke kira na gwamnoni ya girma ne a kan tudun yashi na bakin teku, irin na St Andrews, ƙasar da ba ta noma sai kiwo.

Kuna cewa yaranmu suna noma, suna kiwo, suna jan ruwa, wane motsa jiki kuma suke nema? Gaskiya ne suna wahala. Amma wahala daban, koyo daban. Yaron da ya shekara goma yana sara da karkataccen hannu ya ƙware ne a kan karkata, kuma ƙugunsa zai ba da labari yana ɗan shekara 40. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku ne kuma kuke cika fili idan an buga gangar kokawa. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, babu abin da ke tsayar da ƙasar nan cak kamar ita. Kuna zaune gaban rediyo kuna gardama a kan yadda Isaka Isaka ke kafa ƙafa da yadda yake shiga ƙarƙashin abokin karawa. Ashe kun san cewa ƙarfi kaɗai ba ya kayar da mutum. To, me ya sa abin da kuke yabawa a wurin ɗan kokawa ya zama ɓata lokaci idan malami ya koya wa ɗanku?

Maganar ƴaƴa mata kuwa, babu wanda ya ce a fitar da su cikin shigar da ba ta dace ba, ko a cakuɗa su da samari. Malama tana iya fita da su gefe guda. Malamanmu na addini suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Yarinyar da za ta yi daka da ɗaukar ruwa da goyo tsawon rayuwarta ta fi kowa bukatar sanin yadda jikinta ke aiki.

Amsa ga dattijona

Ranka ya daɗe, ka ce ba mu da benci. Haka ne. Ka ce malamin kwantaragi da kuɗinsa ke makara ba zai yi tsalle a rana ba. Wannan ma haka ne, kuma ina cikin masu neman a gyara. Amma a duk darussan da ke jadawali, wannan ne kaɗai rashin benci bai hana shi ba. Ba ya son alli, ba ya son littafi, ba ya son rufi. Yashi muna da shi har ya yi mana yawa. Ajin zana mai yara 80, wanda zafi ke dafa su tun ƙarfe 11, shi ya fi kowane aji bukatar a fitar da shi waje da sanyin safiya. Talaucinmu hujja ce a kaina da kai, Baba, domin abu guda da muke da shi kyauta shi muka zubar.

Ka dubi sakamakon a sama. Tun da Nijar ta fara zuwa wasannin Olamfik, lambobi biyu muka samo: tagullar Isaka Dabore a dambe a Munich a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a taikwando a Rio a 2016. Shekara 44 tsakaninsu. Alfaga ya zama zakaran duniya a 2017, kuma a Jamus ya yi horonsa. Jikin namu ne, masu tsayawa a baya su gyara hanyar ƙafa na wasu ne. A can Amurka, Bryson DeChambeau ya karanta fizik a jami'a, ya yanke sandunansa na ƙarfe suka zama tsawo ɗaya don faifansa ya daina canzawa, ya ci US Open a 2020 da 2024. Shi ya ɗauki aji ya kai fili. Mu an ba mu yaran da suka riga suka iya fili, mun kasa kai su aji.

Hukumar UNESCO ta ayyana tun 1978 cewa ilimin motsa jiki haƙƙi ne na kowa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Muna da makarantar INJS a Yamai mai horar da malaman wannan fanni. Takardu ba su ƙare mana ba.

Akwai kuma maganar harshe. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mun yi murna, mun yi tafi. To, da wace Hausa za mu koyar da kusurwa da da'ira? Idan muna jiran wani kwamiti ya aiko mana da kalmomi a cikin ambulan, za mu daɗe. Kalmomin suna bakin masassaƙi da maƙeri da ɗan kokawa da mai daka. Faifan bugu ƙoƙarina ne. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo, in ajiye tawa.

Abin da za a iya yi ranar Litinin

Ga darasin da na gwada, kuma ko dala ban kashe ba. Ka zo da faifai guda, da igiya, da sanduna biyar ko shida masu kaurin ƙotar fartanya, da ƙwallayen tsumma. Ka fita da yara da safe. Ka raba su rukuni-rukuni, ka ja layi a ƙasa, kowa ya tsaya bayansa taku biyar daga mai bugu, kuma kada ka yi sassauci a kan wannan, don sanda ba ta san ɗan gida ba.

Ka nuna faifan a tsaye, a kwance, a karkace. Ka sa yaro ya yi lilo da sanda a hankali tana shafar yashi, sauran su dubi zanen da ta bari. Idan zanen ya nufi inda ake so, faifan ya daidaita. Idan ya yanke ta gefe, su faɗa masa da kansu. Yashi ba ya ƙarya, kuma yara sun fi yarda da abin da suka gani a ƙasa fiye da abin da mushe ya faɗa. Sannan ka ba shi gajeriyar sanda da doguwa, ka tambaye su wacce ta sa ya ja baya, kuma me ya faru da faifan. A ƙarshe ku auna da igiya, ku koma aji, ku zana abin da kuka gani, ku yi lissafinsa. Minti 30 a fili, minti 20 a allo.

Ranar da na fara yin haka, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce: "Mushe, ashe shi ya sa taɓaryar Inna ta fi tawa nauyin sauka." Ba daidai ta faɗa ba gaba ɗaya, don a taɓarya nauyi da nisan ɗagawa ne ke aiki. Amma ta fara haɗa abin gida da abin allo da kanta, kuma muka ɗauki minti goma muna warware maganarta, aji duka yana sauraro.

Ga abin da nake roƙo. Diraktoci su hana a taɓa lokacin EPS, a nemo wa shara nata lokacin. Kowane CAPED ya ware zama ɗaya a shekara a fili, malamai su riƙe sanda da kansu a gyara musu. Kwamitin COGES ya gayyato tsohon ɗan kokawa ko masassaƙin gari ya zo ya nuna wa yara hannu, malami yana gefe yana fassara motsin zuwa lissafi. Masu duba makarantu su sa wannan darasi cikin abin da suke dubawa. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo, ku tambaye shi me aka koya masa a fili yau. Idan ya ce shara, ku zo lakol ku tambaye mu dalili. Haƙƙinku ne, kuma kunyar da za mu ji za ta yi mana magani.

Dattijona ya yi alkawarin zai zo ya ga darasin a zama na gaba, ya ce in tanadar masa sanda mai ƙwari. Na tanada. Yaron majajjawa kuwa na ji labari yana tura baro a wata kasuwa, ya yi aure har da ƴaƴa biyu. Babbansu ya kusa isa shiga CI. Ina roƙon Allah ya haɗa shi da malamin da zai dubi hannunsa kafin ya rubuta masa sifiri.